Mesar ta burge mu, amma wani kada ya tsaya min a rai

Ran Asabar bayan Sallah na kwashi yarana uku daga unguwar Nima a Accra, muka hau trotro, wato motar haya, zuwa wani wuri da ake ajiye namun daji a cikin gini. Kuɗin shiga kuwa, na biya ina ƙunƙuni.

Muna shiga ɗakin farko na yi shiru. Ganyaye ko'ina, raɓa tana fesowa daga sama, ga kukan kwaɗi, ka ce a kurmin Kakum na kudancin Ghana kake. Wata yarinya mai kula da macizai ta fito da 'yar mesa, irin wadda in ta tsorata take dunƙulewa ta ɓoye kanta a tsakiya. Autana, wanda ko ƙadangare ya gani a bango sai ya ruga bayana, ya ƙanƙame min zane. Yarinyar ta durƙusa, da Hausa kuwa, ta ce, "Ƙanena, ba ta da dafi. 'Yar ƙasarmu ce, a gonakin Ghana ake samun ta, ɓeraye take ci." Ta nuna masa 'yan ramukan da ke leɓen mesar, ta ce da su take jin ɗumin ɓera ko a cikin duhu. Yaron ya miƙa yatsa ɗaya ya taɓa, ya juyo ya ce, "Mma, ashe ba ta da yauƙi!" Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Da daga nan muka juya gida, da yabo kawai zan rubuta. Ɗakin ƙarshe ne ya ɓata min rai. Kada ne kwance a kwamin siminti, ruwan ya yi kore shar, ko juyawa da ƙyar yake yi. An zana masa kogi da ciyayi a bango da fenti. Ni da na je garin Paga a arewacin Ghana na ga kadoji suna fitowa daga tafkinsu shan hantsi, mutanen gari suna girmama su, na kasa tsayawa. Na tambayi wani ma'aikaci yaushe ake canja ruwan, ya ce in tambayi manaja, manaja kuma ba ya nan. Sai a lokacin abin hoton ya dawo min: har ɗaukar hoto da mesar sai da aka caje mu daban. Wurin alwala babu, sai da muka dawo Nima na yi La'asar.

Autana yana ta roƙon mu koma. Na ce masa sai na kira na ji an fitar da dabbar nan daga kwamin.