Na je inda ake daukar wasan kwaikwayon rediyo a gaban jama'a

Jama'a in kun ji an ce za a dauki wasan kwaikwayon rediyo a gaban yan kallo, dan Allah kar ku ce ai abin kunne ne meye na zuwa kallo. Akwai wata kungiyar matasa anan Kano da suka fara haka, suna kama wani dan dakin taro ta wajen Zoo Road ranar Asabar bayan la'asar, kudin shiga ba yawa kuma wallahi ban yi da na sanin biya ba.

Ba ado ba kwalliya, makirfo uku ne a tsaye da kafet a kasa, kowa rike da takardarsa. In mutum ya karance shafi baya juyawa, sakinsa yake a hankali ya fadi kan kafet, don makirfo ko motsin takarda sai ya dauka. In ana so a ji bako na sallama daga soro sai dan wasan ya ja da baya ya kwala, sannan ya taho yana matsowa, kai da ke gida sai ka rantse tsakar gida ya ratso.

Amma ni wanda ya tafi da hankalina shine mai hada sauti, wani siririn yaro a gefe da tarkacensa akan tebur. Faranti cike da tsakuwa ya sa silifas a hannu yana takawa, tafiya kenan. Yar kofar katako da sakata wadda bata fi tsawon hannu ba, ita ce kofar gidan Alhaji. Da aka zo wajen da uwargida ke hura wuta leda kawai ya dinga murzawa a bakin makirfo, na rufe ido na ji itace na ci sosai, ga turmi da tabarya na gaske yana daka yana kallon bakin masu magana don kar ya danne musu murya, gumi har ya jika masa riga. Karar adaidaita sahu ce kadai naji an sako daga kwamfuta.

Labarin rikicin rabon gado ne, kuma wanda ya fito a matsayin dattijon gidan, saurayi ne ko gemu bai ajiye ba, amma da ya bude baki yace "ke Ladi, zo nan yar nan" da rawar murya irin ta tsufa sai dakin yayi tsit.

Mu da muka taso muna jin su marigayi Samanja, Usman Baba Pategi, mun san darajar abin nan. Fim ne ya zo ya kwashe yan dirama tun da kungiyar Tumbin Giwa ta bude hanya a 1990, sannan daga 2003 da tashar rediyo ta Freedom ta fara aiki tashoshi sun cika gari amma yawanci siyasa da talla ne, wasa kadan. A fim kyan fuska da shadda suna rufa wa mutum asiri, a rediyo kuwa in Hausarka bata nuna ba take za a gane.

Sai dai akwai gyara. Zafi, Allah sarki, dole a kashe fanka saboda kararta, ga daki a rufe, muka dinga fifita da takardar shiga. An kuma fara a makare har magariba ta raba wasan biyu. Wayar wani bawan Allah tayi kara ana tsaka da wajen kuka aka sake daga farko, laifinmu ne wannan yan kallo tunda sai da aka roke mu. Abin da ban so ba shine da darakta yace mu sake dariya wai ta farko bata fito ba, ta biyun kowa yaji ta dole ce, gara a bar ta farkon ko da kadan ce. Kuma yakamata su dinga fadar tasha da ranar da za a sa, mutane da yawa sun fita suna tambaya.

Duk da haka zan koma insha Allah. In za ku je ku tafi da mafici da ruwa, ku kashe waya tun daga kofa, a bar jarirai a gida, kuma ku yi sammakon kama kujerar gaba ta bangaren mai hada sauti, don na baya basa ji sosai tunda ba a kure lasifika.