Gudumar Queen Square ta fi ta Taylor a gwajin jijiyoyi

Ɗalibin likitanci ko mai aikin gashin ƙashi da zai sayi gudumar gwajin jijiya, gara ya sayi irin ta Queen Square, wadda ta samu sunanta daga asibitin jijiyoyi da ke dandali mai wannan suna a Landan. Kanta faifan ƙarfe ne mai nauyi da aka zagaye da zoben roba, ƙotarta kuma doguwa ce mai lanƙwasa.

Sai an san abin da ake gwadawa ake gane amfanin wannan ƙira. Idan aka bugi agarar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, tsokar cinya kan miƙe farat ɗaya. Saƙo ya bi jijiya zuwa laka a matakin L3 da L4 (sunayen sassan laka na ƙasan baya), umarni ya dawo, tsoka ta takure, ƙafa ta harba. Ba a jiran umarnin ƙwaƙwalwa a nan. Nata aikin shi ne taka wa abin birki. Shi ya sa harbin ke yin yawa bayan shanyewar ɓarin jiki, yake kuma raguwa ko ɓacewa idan jijiyar ce da kanta ta lalace, kamar yadda ciwon suga kan kashe na bayan dunduniya, wato matakin S1 na laka.

Gwajin na buƙatar bugu gajere mai nauyi, iri ɗaya dama da hagu. A nan Queen Square ta yi fice: a riƙe ƙarshen ƙota sako-sako, a bar nauyin kan ya faɗa da kansa. Gudumar Taylor mai kusurwa uku, wadda aka ƙirƙira a Amurka a 1888, ba ta da nauyi, dole sai an sa ƙarfin hannu, ƙarfin hannu kuwa ba ya zuwa daidai sau biyu. Ta haka ake rubuta wa lafiyayye makin 1+ (harbi mai rauni) alhali 2+ ne (harbi daidai).

Queen Square ma tana da aibi. Ba ta shiga aljihu. Zoben robar kan bushe ya tsattsage, bugun ya koma mai zafi, mara lafiya ya ɗaure jiki, sakamako ya ɓaci. Tsinin ƙarshen ƙota da ake jan tafin ƙafa da shi a gwajin Babinski (don ganin inda babban yatsa zai karkata) yakan yi kaifi, ga mai ciwon suga kuwa ƙaramin ƙwarzane ma abin tsoro ne. Kafin saye a danna robar da yatsa. In ba ta lotsa ba, a nemi wata.