Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Tiyatar Zuciya

Ranar da likita ya ɗora yatsa a hoton jijiyoyin zuciyarka ya ce ga inda kitse ya toshe, zaɓi biyu za a ba ka. Ko dai a bi ta jijiyar hannu a zura ɗan zoben ƙarfe, sitent, ya buɗe wurin, ko kuwa a buɗe ƙirji a dasa wata jijiya jini ya kewaye toshewar. Sitent ya fi sauƙi, sau da yawa washegari an sallame ka. Amma mai ciwon suga da jijiyoyi biyu ko uku suka toshe, wani binciken likitoci mai suna FREEDOM na 2012 ya nuna tiyata ta fi tsawaita masa rai. Ni kam da nawa ne a kwance, saurin sallama ba zai ruɗe ni ba.

In an tsayar da shawarar yin tiyata, ga tambayar da nake roƙon kowa ya yi: da wace jijiya za a yi dashen? Tun 1967 likita René Favaloro ya fara ciro jijiyar ƙafa don wannan dashe a Amurka, har yau ana yi, tana kuma aiki. Sai dai bayan shekara 10 kusan rabin jijiyoyin ƙafar da aka dasa sun toshe. Jijiyar cikin ƙirji ta hagu kuwa, fiye da kashi 90 cikin 100 suna nan a buɗe. Ta hannu ma ta fi ta ƙafa ƙarko. Wasu likitoci kan ɗauki na ƙirji duka biyu, amma ga mai suga ko mai ƙiba raunin ƙashin ƙirji ya fi saurin ruɓewa.

A tsayar da zuciya inji ya karɓi aikinta, ko a yi tana bugawa? Wannan bar wa likitan, wanda hannunsa ya saba da shi ya fi.

Sauran a jikinka yake: shekaru, lafiyar ƙoda, ƙarfin bugun zuciya, taba. Wanda aka tsara wa aikin cikin natsuwa, haɗarin mutuwa ba ya wuce kashi 1 zuwa 2 a mafi yawan lokuta. Na gaggawa ya ninka haka. Ka ce a lissafa maka naka da EuroSCORE, ma'aunin da likitoci ke ƙiyasta haɗarin tiyatar zuciya da shi, ka tambayi asibitin irin wannan aiki nawa suke yi a shekara.

Ka kuma tanadi mai jinya. Ƙashin ƙirji sai ya yi mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, ko tari za ka yi sai ka rungume matashin kai.