Kemo da Trastuzumab a Sankarar Mama

Ƙwayar halitta ba ta rabuwa sai ta samu umarni. Furotin da ke bangonta ne ke karɓar saƙon ya miƙa shi ciki. A kusan mace ɗaya cikin biyar masu sankarar mama, wani irin wannan furotin mai suna HER2 yana yin yawa fiye da ƙima, sai umarnin hayayyafa ya ƙi yankewa.

Baiwar Allah da ta taso daga ƙauyukan Ringim ko Ɗambatta zuwa Asibitin Malam Aminu Kano tana iya jin sunan magani iri biyu. Kemo yana kashe duk ƙwayar da ke saurin rabuwa, shi ya sa gashi ke zubewa, jini ya ragu, a yi ta amai. Amma yana aiki a kan sankara iri-iri.

Trastuzumab kuwa, da aka amince da shi a Amurka a 1998, HER2 yake kamawa ya toshe saƙon. In gwajin tsokar da aka yanko bai nuna HER2 ya yi yawa ba, maganin ba shi da amfani. Yana iya raunana zuciya, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi. Ina roƙon dangi kada su jinginar da gona kafin sakamakon gwajin ya fito. Sau da yawa ma likita haɗa magungunan biyu yake yi.