Duxford ko Hendon, ga mai rana ɗaya tak a Ingila

Ɗan'uwa, tunda rana ɗaya ce ta rage maka, kuma kana son ganin tsofaffin jiragen saman yaƙi, cikin gidajen tarihin jirage biyun nan, Duxford da Hendon, ka tafi Duxford. Na je duka biyun, Hendon sau ɗaya, Duxford sau biyu, kuma in Allah ya sake kai ni ƙasar, Duxford ɗin zan koma.

Dalilina guda ne. A Hendon jiragen a ajiye suke cikin gini, an share su sun yi fes, amma babu titin da za su tashi. Duxford kuwa filin jirgin sama ne na gaske tun 1918, sojan saman Birtaniya sun yi aiki da shi har 1961, kuma har gobe ana tashi ana sauka a cikinsa. Zuwana na farko ma rana ce kamar kowace, babu wani biki. Ina tafiya daga wata rumfar jirage zuwa wata sai na ji wani abu ya yi tari sau biyu, hayaƙi ya tashi, sannan rugugi ya biyo baya. Spitfire ne, jirgin yaƙin Birtaniya na zamanin yaƙin duniya na biyu, ake tayarwa a bayan shinge. Injin Merlin ne a cikinsa, ƙirar Rolls-Royce, silinda 12, kuma har cikin ƙirjina nake jin bugunsa. Na tsaya riƙe da ƙarfen shingen har ya hau titi ya ɗaga. Da ya karkata a sama sai fuka-fukansa masu siffar ganye suka fito sosai, waɗanda na daɗe ina gani a hoto. Wallahi wayata tana aljihu, ban ko tuna da ɗaukar hoto ba.

Wani dattijo cikin masu aikin sa kai ya ga yadda na ƙame, sai ya ja ni da hira, ya kai ni wajen wani Spitfire mai lamba N3200. A watan Mayu na 1940, lokacin da ake kwashe sojojin Birtaniya da ƙawayenta daga Dunkirk a yaƙin duniya na biyu, aka harbo shi, matuƙin ya sauke shi a bakin teku kusa da Calais a Faransa. Rairayi ya binne shi, bai sake fitowa ba sai 1986. Aka kwaso abin da ya rage, aka sake ƙera sassa da yawa, ya koma sama a 2014. Jirgin na runduna ta 19 ne, wadda ita ce ta fara karɓar Spitfire a duk sojan saman ƙasar, a 1938, a nan Duxford ɗin. Wato gida ya dawo. Dattijon yana ba ni labarin yana shafa iska kusa da fiffiken, bai taɓa shi ba, kamar mai tsoron tayar da yaro daga barci.

Akwai kuma ɗakin da aka riƙa ba matuƙa umarni a 1940, da teburin taswira da wayoyinsa. Daga wannan fili Douglas Bader ya jagoranci jirage a yaƙin, mutumin da ya rasa ƙafafunsa biyu a haɗarin jirgi a 1931 ya kuma koma tuƙi da ƙafafun roba. Wasu rumfunan tun na zamanin yaƙin duniya na farko ne, rufinsu na katako. Abin da na fi daɗewa a kai shi ne rumfar gyara, inda za ka ga jirgi a buɗe, haƙarƙarinsa a waje, makanikai suna aiki, warin mai ya cika wurin. A nan ne za ka gane siririn gwangwanin da ya raba matashi ɗan shekara ashirin da harsashi.

Daga can ƙarshen filin akwai ginin jiragen Amurka da aka buɗe a 1997, don sojan saman Amurka ma sun zauna a Duxford daga 1943. B-52, ƙaton jirgin jefa bama-bamai, shi ne a tsakiya, sauran jiragen sun kewaye shi, wasu a rataye a samansa. Akwai B-17 da B-29, ga kuma SR-71, baƙin jirgin leƙen asirin nan mai gudun da ya ninka na sauti sau uku, wanda babu irinsa a ajiye a wata ƙasa bayan Amurka sai wannan. Concorde, jirgin fasinjan nan mai gudun da ya wuce na sauti, shi ma yana nan, ko da yake ba na yaƙi ba ne. Lokacin da na je an bar mu mun shiga, na yi mamakin ƙuncin cikinsa.

Hendon ba laifi. Shiga kyauta ne, yana cikin Landan, jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sauke ka a tashar Colindale ka ƙarasa da ƙafa, kuma tun 1972 yake. Abu biyu na riƙe daga can, duka jiragen jefa bama-bamai ne na yaƙin duniya na biyu: Lancaster ɗin da ya je kai hari sau 137 ya dawo, da Halifax ɗin da aka tsamo daga wani tafki a Norwe a 1973, aka bar shi da tsatsarsa yadda aka same shi. In da ƙananan yara za ka, ko da tsoho mai ciwon gwiwa, ko rabin yini kawai gare ka, ko an wayi gari da ruwan sama, to can ya fi maka. In ba haka ba, awa uku sun ishe shi.

Ba ka tambaya ba, amma bari in gaya maka, don ni an taɓa cin kuɗina. Bayan dawowata, son abin yana kaina, na ga wani a intanet yana sayar da abin rataya makulli, wai an yanko ƙarfen daga jikin Spitfire na gaske. Na biya. Abin da ya iso ɗan guntun gwangwani ne da wata takardar shaida wadda ba lambar jirgi a jikinta, ba sunan wanda ya yi gyaran, ba inda aka samo shi. Na yi ta aika saƙo, shiru kake ji. Akwai masu sayar da na gaskiya, amma su za su faɗa maka lambar jirgin da ɓangaren da aka cire, yadda za ka iya bincika da kanka. Duk wanda ya ce maka "na yaƙin duniya ne" ya tsaya nan, riƙe kuɗinka. Haka masu tallar tikiti. Wanda ya ce zai sayar maka da tikitin shiga Hendon ɗan damfara ne, tunda ba a biya. Duxford ana biya, kuma ranakun bikin tashin jirage tikitinsu daban ne, ana saye tun kafin ranar. A shafin gidan tarihin kansa za ka saya, kada ka karɓa daga hannun wani da ya ce ya fasa zuwa.

Duxford yana kudu da Kambirij, a gefen babbar hanyar M11, tashar jirgin ƙasa mafi kusa kuma Whittlesford Parkway ce, daga nan sai ka nemi tasi. Ka yi sammako, ka isa ana buɗe ƙofa, don filin doguwar tafiya ce daga wannan kai zuwa wancan, ni kaina ban gama shi a zuwan farko ba. Ka sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi, ka riƙe rigar sanyi ko da rana ta fito, saboda fili ne fetal, iska ba ta da abin da zai tare ta. Ranar da ba biki, ba wanda zai yi maka alkawarin jirgi zai tashi, ya danganta da yanayi da masu jiragen, don haka ka duba hasashen yanayi ka zaɓi ranar da gari ya washe. Ka fara da rumfunan da ake gyara da waɗanda jiragensu ke tashi, ka bar ginin Amurkawa sai bayan azahar. Kuma da ka ji inji ya yi tari a waje, ka bar duk abin da kake karantawa ka nufi shinge.