Zango uku da manhajar sakamako: abin da na gani a makarantarmu

Ƙosai ne ya kai mu ga sayen wannan manhaja. Wata safiya na aiki yaro ya sayo mini a bakin titin Tumfure, ina warware takardar sai ga sunan makarantarmu. Sunayen 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ne reras, makin kowa a gabansa, mai ya jiƙe rabin shafin. Har inda malamin aji ya rubuta "ba ta biya ba" da jan biro yana nan. Ashe masinja ne ya share sito ya sayar da tsofaffin takardu. Ni ce jami'ar jarrabawa, don haka ni Hajiya mai makaranta ta tsayar a ofis.

Zango uku ke nan muna aiki da kamfanin da ya sayar mana da manhajar. Ba zan kama sunansu ba, tunda akwai inda zan taɓa su. Naira 1,200 suke karɓa kan kowane yaro a zango.

Abin da ya fi burge ni shi ne sun raba mu da guruf ɗin WhatsApp. A da malamin aji zai ɗauki hoton makin yara gaba ɗaya ya jefa, kafin la'asar kowace uwa ta san ɗan wa ya zo na kashin baya. Yanzu kowane mahaifi da lambar sirrinsa, na ɗansa kaɗai yake gani. Kuma duk wanda ya taɓa fayil sai manhajar ta rubuta sunansa da lokaci. Da haka muka gane wani maki da ya tashi daga 38 zuwa 58 da ƙarfe sha ɗaya na dare. Malamin bai yi musu ba.

Sai maganar doka, wadda a gaskiya ban san da ita ba sai da ƙosai ya tona mu. Dokar kare bayanan jama'a ce da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ita ta kafa NDPC, hukumar da ke kula da kare bayanan jama'a. Yaron da bai kai 18 ba, iyaye ko mai riƙonsa ne ke ba da izini. Kamfanin ya zo da fom na wannan, amma da Turanci zalla, irin na lauyoyi. Ni na zauna na mayar da shi Hausa na karanta a taron iyaye. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, karatu na kawo 'yata. Hotonta kuma ina za shi?" Ranar muka raba izinin gida biyu: na rajista daban, na sa hoto a shafin Facebook na makaranta daban. Iyaye da dama sun ƙi na biyun, kuma ban ga laifinsu ba.

Wasu bayanan ba mu da zaɓi sai mun karɓa. WAEC da JAMB suna neman lambar NIN. Mai sikila ko asma dole mu sani, kuma doka ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake ƙara kaffa-kaffa da su. To a nan manhajar ta ba ni kunya. Yadda suka kawo ta, duk malamin da ya shiga yana ganin komai: NIN, lambar wayar uba, ciwon yaro, bashin kuɗin makaranta. Malamin lissafi me ya haɗa shi da sikilar yarinya? Mako uku ina kira kafin suka taƙaita kowa ga ajinsa da darasinsa.

Yaronsu mai gyara kuwa, yana da ladabi, amma rannan ya aiko mini da saƙo: "Anti, turo min lambar sirrinki in duba." Na ce ya tako ya zo. Wanda aka ba tsaron ƙofa shi ke neman a miƙo masa mukulli ta taga.

Takardar yarjejeniyar ma da giɓi. Ba ta faɗi inda ake ajiye bayanan ba, ba ta ce komai kan gogewa idan yaro ya bar makaranta ba. Idan aka yi kutse da zai iya cutar da mutane, awa 72 doka ta ba da a sanar da hukuma, kuma makaranta za a tuhuma, tunda mu iyaye suka damƙa wa. Tarar ƙaramin wuri irin namu tana iya kaiwa naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara idan shi ya fi yawa. Sai da muka sa aka ƙara layi cewa za su sanar da mu a ranar da suka gano matsala.

Idan sabis ya ɗauke, malamai suna komawa takarda. Waɗannan yanzu a bayan sito ake ƙona su, ina tsaye har su zama toka.

Mun sabunta na shekara ɗaya, kuma zan iya ba wata makaranta shawarar ta ɗauka, in dai za ta karanta yarjejeniyar layi-layi kafin sa hannu. Fayilolin 'yan aji shida da suka gama a watan Yuli kuwa har yau suna ciki. Na rubuta wa kamfanin sau biyu. Ranar Litinin zan je ofishinsu da kaina.