8x42 ko 10x50? Ga mai neman madubin kallon tsuntsaye

Malam, tunda garaken Mirya, kusa da Damagaram, kake son shiga, ɗauki 8x42 ka huta.

Shi nake da shi, kuma ba ya barin wuyana in na fita. Lambar farko, 8, tana nufin yana jawo abu kusa sau takwas. 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Amfaninsa a garka shi ne faɗin abin da kake gani. Tsuntsun garka ba ya zama ya jira ka. Wata safiya cikin hunturu ina tsaye gindin gawo, wanda shi lokacin yake da ganye sauran itatuwa sun kaɗe, sai ga tsada biyu suna tsalle daga magarya zuwa bakin rijiya. Na bi su da madubi ba su kuɓuce min ba, har shuɗin ƙirjinsu da jan ɗigon kuncin namijin na gani sarai. Ina juyawa kuma ga cilakowa tana jefa ƙwaro sama tana cafewa. Hannuna bai gaji ba sam.

10x50 ɗin akwai shi a gida, na ƙanena. In Gidimuni za ka, ka zauna bakin tafki kana hangen dinya da zalɓe can nesa, to ba laifi. Amma nauyi gare shi, rawar hannu tana fitowa a cikinsa, kuma kafin ka lalubo tsuntsu cikin reshe ya tashi.

Sai ka yi hattara da masu talla. Za su nuna maka mai jan gilashi an rubuta 60x60, su rantse na soja ne. Ƙarya ce, rubutun kawai ne babba, kuma jan nan yana gurɓata launin tsuntsu. Kada ka ba da ko dala sai ka fito da shi waje ka auna hasumiyar masallaci ko sandar lantarki. In ka ga abu ya rabu biyu, ko idonka ya fara ja maka, ajiye musu kayansu. Ka tambayi wanda aka rufe shi ruf don ruwa, shi ne ƙurar Damagaram ba ta shiga cikinsa. Kuma kada ka goge gilashin da bakin rawani, yashi zai karce shi. Hure ƙurar tukuna.

Ka yi ƙoƙari ka saya kafin faɗuwar damina, lokacin da shamuwa ke dawowa.